Ɗaukewar Al'ada: Ƙwaya, Filasta, Jel Ko Maganin Da Ba Na Homon Ba, Wanne Ya Dace Da Wa?

Mace 'yar shekara 48 ko 50 da ta fara farkawa tsakar dare sharkaf da gumi, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙaurace, galibi maganin zazzaɓin cizon sauro ake fara ba ta, in bai yi ba a koma na taifot. Idan kuma ƙaiƙayin gaba ne da zafin fitsari da raɗaɗi wajen saduwa, sai a ce sanyi ne, a yi ta ɗirka mata maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni. A wajen mata da yawa masu waɗannan shekaru, tushen abin guda ne: homon ɗin istirojin, wato sinadarin da ma'ajiyar ƙwai ke samarwa, ya ja baya.

Ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan an yi wata 12 cur ba a ga jini ba, kuma yawanci hakan na faruwa tsakanin shekara 45 da 55. Amma damuwar takan fara tun al'adar na wasa, yau ta zo gobe ta tsallake wata biyu. Ba kuma abin kwana kaɗan ba ne. Binciken SWAN da aka yi a Amurka ya nuna cewa tasowar zafi da gumin dare kan ɗauki kimanin shekara 7, a wajen baƙaƙen mata kuma ya kai shekara 10. Wadda ta haura 45 kuma alamunta a bayyane suke ba ta buƙatar gwajin jini na homon kafin a fara mata magani, domin a wannan tsakanin sakamakon hawa da sauka yake yi, kuɗi ne kawai za su tafi. Gwajin yana da amfani ga wadda ba ta kai 45 ba, ya kuma zama dole ga wadda ba ta kai 40 ba.

Abu uku ne ke yanke zaɓi: me ya fi damunki, kina da mahaifa ko an cire, sannan mene ne tarihinki game da daskarewar jini, ciwon hanta da sankarar mama.

Idan damuwar a gaba take kaɗai

Da wannan ya kamata a fara, don shi ne maganin da ya fi sauƙin hatsari, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Idan istirojin ya ragu, fatar cikin farji takan yi siriri, ta bushe, ta riƙa tsagewa da ɗan gogayya, mafitsara ma ta shiga ciki: yawan fitsari, zafinsa, da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. Tasowar zafi kan lafa da kanta bayan shekaru, bushewar gaba kuwa ƙaruwa take yi.

Maganinta istirojin ne ɗan kaɗan da ake sawa a wurin. Akwai kirim na estriol, wani nau'in istirojin, irin su Ovestin, da ake turawa da ɗan bututun da ke cikin kwalin, miligiram 0.5 kowane dare na mako 2 zuwa 3, daga nan sau biyu a mako. Akwai kuma ƙaramar ƙwayar estradiol, shi ma nau'in istirojin ne, mai maikurogiram 10, irin su Vagifem, da ake sawa a farji, kowane dare na mako 2, sannan sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga waɗannan ƙalilan ne, shi ya sa mai mahaifa ba ta buƙatar ƙarin maganin kare mahaifa a kansu. Sauƙi kan fara bayan 'yan makonni, cikakken amfani sai wajen wata 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an ji daɗi, bayan wata ɗaya ko biyu komai ya dawo. Magani ne na ci gaba. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ma akan iya ba ta, amma sai da yardar likitan da ke kula da sankarar.

A nan dole a yi magana kan kayan matsi. Alif, ruwan bagaruwa da garin itatuwan da ake cusawa aikinsu tsotse danshi ne da tamke fata. Macen da fatarta ta riga ta bushe ta yi siriri, waɗannan ƙara mata ciwo suke yi, har su kai ga gyambo da zubar jini. Haka wanke ciki da sabulu ko Dettol. Don sauƙin saduwa a nemi man da aka yi da ruwa, irin su K-Y Jelly. Basilin yana lalata kwaroron roba.

Idan zafi, gumi da rashin barci ne

Babu maganin da ya kai istirojin mai zagaya jiki a kan wannan. Yana rage yawan tasowar zafi da kimanin kashi 75 cikin 100, yana kare ƙashi daga zaizayewa da karaya. Tsoron da ake yi masa ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken WHI a Amurka, mai mata sama da 16,000, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Abin da bai yaɗu ba kamar yadda tsoron ya yaɗu shi ne matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada, kuma nau'in ƙwaya guda aka ba su. Da aka sake duba alƙaluman bisa shekaru, matsayar da ƙungiyoyin likitocin fannin suka tsaya a kai ita ce: mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamun na takura mata, amfanin ya rinjayi hatsarin. Fara shi a karon farko bayan an wuce wannan iyaka wani lissafi ne daban.

Istirojin ɗin ta hanya uku yake shiga jiki, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Ƙwayar sha, estradiol miligiram 1 ko 2 a rana irin su Progynova, ita ta fi araha, ta fi sauƙin samu, zafi da gumi ba sa hana ta aiki. Aibinta shi ne daga hanji sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, hanta kuma ta ƙara samar da sinadaran daskarar da jini. Hatsarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu yakan ninka kusan sau biyu, musamman a shekarar farko. Ga siririyar mace 'yar 50 mai kai-komo, wadda hatsarinta tun asali ƙarami ne, ninkin ƙaramin abu bai zama babba ba. Ga mai ƙiba sosai, ko wadda 'yar'uwarta ta jini ta taɓa samun gudan jini, ko mai sikila, lissafin ya canza. Ƙwayar tana kuma ƙara yiwuwar tsakuwar matsarmama. Maganin tarin fuka rifampicin, na farfaɗiya carbamazepine, da efavirenz na masu ɗauke da HIV duk suna rage mata ƙarfi, mai shan levothyroxine, maganin ƙarancin homon thyroid, kuma wataƙila a ƙara mata adadinsa. Idan za a yi babbar tiyata, akan ce a dakatar da ita mako 4 kafin ranar.

Akwai wata tsohuwar ƙwaya, Premarin, irin wadda aka yi amfani da ita a WHI. Daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace ta. Wadda ranta bai kwanta da hakan ba ta nemi estradiol, wanda daga tsirrai ake haɗa shi kuma daidai yake da wanda jikin mace ke yi.

Filasta da jel ta fata suke shiga, ba su bi ta hanta da farko, kuma a adadin da aka saba bayarwa bincike bai nuna suna ƙara daskarewar jini ba. Don haka su ne zaɓin farko ga mai ƙiba, mai ciwon ɓarin kai, mai ciwon suga, mai hawan jinin da aka shawo kansa, da mai yawan doguwar tafiya a zaune. A ƙiyasi, filasta mai maikurogiram 50 daidai take da matsa biyu na famfon kwalbar jel ko ƙwayar miligiram 2, mai 25 kuma daidai da matsa ɗaya ko miligiram 1. An fi so a fara da ƙarami, a ƙara bayan wata 3 idan bai wadatar ba.

Filasta, irin su Estradot da Evorel, sau biyu a mako ake canza ta, misali Litinin da Alhamis. Wasu kamar Climara sau ɗaya. Ana manna ta ƙasa da ƙugu, a ɗuwawu ko ƙasan mara, ba a kan mama ba ko kusa da shi, a kan busasshiyar fata da ba a shafa mata komai ba. Man kaɗanya, basilin ko hoda a wurin su ne babban dalilin ɓallewarta. A danna da tafin hannu na rabin minti, a riƙa sauya wuri don kada fata ta yi ja. Matsalarta a ƙasashenmu bazara ce: daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, gumi kan ɗaga gefenta, abin da ke shiga jiki ya ragu, mace ta ga zafin ya dawo ta ɗauka maganin ne ya daina aiki. Idan ta faɗi a manna sabuwa, a ci gaba da ranar canjin da aka saba.

Jel, wato Oestrogel ko Oestrodose a kantunan da ke kawo kaya daga Faransa, kowace matsa tana da miligiram 0.75, kuma kullum ake shafawa. Ba ya ɓallewa, ana iya ƙara ko rage matsa cikin sauƙi, wannan ne fifikonsa a kan filasta. Sai dai yana son a bar shi ya bushe na minti 5, kada ruwa ko wani mai ya taɓa wurin na awa guda. Mai alwala sau biyar a rana kada ta shafa a damtsen da ruwa ke kaiwa. Cinya ta fi, bayan wankan safe ko bayan Isha. A wanke hannu bayan shafawa, kada jika ko yaron goye ya goga jikinsa a wurin kafin ya bushe, don homon ɗin na iya shiga jikin yaro.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: inda ana samun jel ko filasta a kai a kai kuma aljihu zai ɗauka, sun fi ƙwaya. Amma maganin da ake samu wata ɗaya a rasa wata biyu bai kai ƙwayar da ake sha kullum amfani ba, ga macen da ba ta cikin masu hatsarin daskarewar jini. A tambayi kanti tun kafin a fara ko zai iya kawowa duk wata.

Mahaifa: inda aka fi yin ɓarna

Istirojin shi kaɗai yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri, kuma idan aka daɗe a haka tana iya rikiɗewa zuwa sankarar mahaifa. Saboda haka duk mai mahaifa da ke shan ƙwayar istirojin, ko manna filasta, ko shafa jel, wajibi ne ta haɗa da homon na biyu, furojestaron ko danginsa. Macen da ta sayi Progynova ita kaɗai a kemis saboda ƙawarta ta ji daɗinta, alhali ƙawar an cire mata mahaifa, ta jefa kanta cikin hatsarin da ba shi da dalili. Wadda aka cire wa mahaifa gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa mata da yawa saboda ƙarin mahaifa, istirojin kaɗai ya ishe ta. Idan an bar bakin mahaifa a tiyatar, ko an yi ta ne saboda tsiron shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa, sai likita ya duba.

Tsari biyu ne. Wadda har yanzu takan ga jini, ko ba ta cika wata 12 ba, tsarin zagaye ake ba ta: istirojin kullum, furojestaron na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, bayansa jini ya zo na 'yan kwanaki. Wadda ta cika shekara ba jini, tsarin haɗe ake ba ta, duka biyun kullum, kuma manufar ita ce kada a ga jini sam. Idan aka ba mai sauran al'ada tsarin haɗe, ɗigon jini ba ƙa'ida zai dame ta. Jinin tsarin zagaye yana ta da tambayar salla da azumi, gara a kai wa malami ita tun kafin a fara. Wasu matan saboda wannan kaɗai suke zaɓar robar mahaifa mai homon, wadda bayaninta ke tafe.

Na farko a cikin masu kare mahaifa shi ne furojestaron irin na jiki, Utrogestan: miligiram 200 kowane dare na kwana 12 a tsarin zagaye, ko 100 kowane dare a tsarin haɗe. Yana sa barci, don haka da dare ake sha, kuma ga mai fama da rashin barci wannan riba ce. Alamu sun nuna ya fi tsofaffin nau'o'in sauƙi a kan mama da jijiyoyin jini. Ƙwansonsa mai laushi ne, yana narkewa ya manne idan aka bar shi a mota ko ɗakin kwano, kuma wasu kamfanoni da man gyaɗa suke haɗa shi, mai borin jini da gyaɗa ta karanta takardar. Na biyu ƙwayoyin da aka haɗe homon biyun a kati ɗaya, irin su Femoston da Activelle, waɗanda amfaninsu shi ne ba a manta rabi. Na uku robar mahaifa mai levonorgestrel miligiram 52, irin su Mirena: tana kare mahaifa na shekara 5, tana rage zubar jini mai yawa da ke addabar mata a ƙarshen al'ada, tana kuma hana ɗaukar ciki. Robar jan ƙarfe ba ta da homon, ba ta yin wannan aiki, ashanar hannu ma ba a dogara da ita wajen kare mahaifa.

Batun ciki ba wasa ba ne. Maganin homon na ɗaukewar al'ada ba ya hana haihuwa. Wadda ba ta son ciki ta ci gaba da tsarin iyali har shekara 2 bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, shekara 1 idan ta wuce.

Tibolone, wato Livial miligiram 2.5, ƙwaya ɗaya ce da ke aikin duka biyun, takan kuma taimaka wa sha'awa. Sai wadda ta cika shekara ba jini, kuma ba a son ta ga wadda ta haura 60 saboda shanyewar ɓarin jiki, ko wadda ta yi sankarar mama.

Sankarar mama da alƙaluma

A WHI, haɗin homon biyu ya ƙara mata 8 masu sankarar mama a cikin kowace 10,000 a shekara. Istirojin kaɗai bai ƙara ba. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa shan magani na shekara 5 daga shekara 50 yana ƙara mace 1 cikin 50 a tsarin haɗe, 1 cikin 70 a tsarin zagaye, 1 cikin 200 a istirojin kaɗai, idan aka bi su shekara 20. Alƙaluman na ƙasashen Turawa ne, amma darasinsu ya shafi kowa: hatsarin gaskiya ne, matsakaici ne, yana ƙaruwa da tsawon shekarun sha, kuma homon na biyu ne ke ɗauke da mafi yawansa. A duba mama kafin a fara, a yi hoton mama inda ake da na'urar, duk wani ƙullutu kuma a kai asibiti a makon da aka ji shi.

Wadda ta yi sankarar mama ko ta mahaifa, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da gudan jini a yanzu, ko ciwon hanta mai tsanani, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, istirojin mai zagaya jiki ba nata ba ne. Hawan jini a fara saukar da shi. Mai ƙarin mahaifa za ta iya sha, da sanin cewa ƙarin na iya ɗan girma, a riƙa dubawa da hoto.

A ɗaya gefen akwai wadda al'adarta ta ɗauke kafin 40, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai tana da ƙuruciya. Ita maye mata gurbin abin da ta rasa da wuri ake yi, don kare ƙashi da zuciya, kuma ana so ta ci gaba aƙalla har wajen shekara 51 ko da zafin bai dame ta ba. Alƙaluman da ke sama ba a kanta aka yi su ba.

Waɗanda ba na homon ba

Ga wadda homon bai halatta gare ta ba ko ba ta so, akwai magungunan da ke rage tasowar zafi, ko da yake ba su kai istirojin ba, kuma ba sa taɓa bushewar gaba ko ƙashi. Venlafaxine miligiram 37.5 zuwa 75 yana aiki cikin mako 1 zuwa 2, amma yana iya ɗaga hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, jiri da tashin zuciya ne za su biyo baya. Escitalopram miligiram 10 zuwa 20 ya dace da wadda ke haɗe da damuwa da faɗuwar gaba. Paroxetine ma yana aiki, amma shi da fluoxetine suna raunana tamoxifen, don haka mai shan tamoxifen saboda sankarar mama ta guje su. Gabapentin a fara da miligiram 300 da dare, a hau a hankali zuwa 900 a rana. Ya fi dacewa da mai gumin dare, yana sa jiri, mai ciwon ƙoda a rage mata. Oxybutynin miligiram 2.5 zuwa 5 sau biyu a rana yana amfanar mai yawan fitsari, sai dai bushewar bakin da yake sawa na da wuya ga mai azumi, kuma ba a son sa ga tsofaffi. Fezolinetant miligiram 45, da Amurka ta amince da shi a 2023, kai tsaye yake aiki a cibiyar daidaita zafi ta ƙwaƙwalwa, amma yana da tsada kuma sai da gwajin hanta a kai a kai.

Magungunan gargajiya da na kwalba masu alƙawarin dawo da ƙuruciya ba su da hujja mai ƙarfi, kuma tasowar zafi abu ne da ke lafawa ya dawo da kansa, shi ya sa kowane magani ke samun masu yabonsa. Awara da waken suya abinci ne mai kyau, taimakonsu a kan zafin kaɗan ne in ma akwai. Rage ƙiba, tufafin auduga marasa nauyi, rage shayi mai zafi da yaji da dare suna sauƙaƙawa. Don ƙashi, nono, kindirmo, zogale, kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, tare da tafiya a ƙasa da shan hantsi, musamman ga matan da ba sa yawan fita.

Bayan an fara

Ciwon mama, kumburin ciki, tashin zuciya da ɗan ciwon kai sukan zo a makonnin farko su wuce kafin wata 3. In sun ƙi, a rage adadi ko a sauya hanya maimakon a watsar. A koma wa likita bayan wata 3, daga nan sau ɗaya a shekara, a auna jini da nauyi, a sake duba ko har yanzu ana buƙata. Babu wata shekara da aka yanke cewa dole a daina, kuma ragewa a hankali ya fi daɗi a jiki fiye da yankewa lokaci guda. A sayi magani mai lambar NAFDAC ko daga kantin magani mai rajista, a ajiye shi a wuri mai sanyi. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, a daina maganin a tafi asibiti a lokacin.

Ɗigon jini a wata 3 zuwa 6 na farko a tsarin haɗe abu ne da aka saba gani. Wanda ya wuce wata 6, ko ya ɓullo bayan an daɗe ba jini, ko yake zuwa bayan saduwa, yana buƙatar a duba bakin mahaifa da ido, a yi hoton mahaifa ta gaba a auna kaurin shimfiɗar. Idan ya haura milimita 4 akan ɗebi ɗan yanki a kai ɗakin gwaji. Wannan ƙa'ida ta hau kan macen da ba ta shan komai ma: jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba al'ada ba ce ta dawo, kuma Primolut N da ake saya a kemis don tsayar da shi ɓoye alamar kawai yake yi, sankarar bakin mahaifa ko ta cikinta, in ita ce, tana ci gaba da girma.